Bizar Ginshiƙi

Idan ana lissafin mutanen da Allah ya yi wa baiwa, a fara da Ginshiƙi, a kuma tsaya a nan, don ba ya son a haɗa shi da kowa a magana ɗaya. Mataimakin mai kula da sito ne a wani kamfanin sayar da bututun ruwa, amma wannan a takarda ne kawai. A bakinsa, shi ya ɗauki kamfanin a kafaɗa, tun daga maigadi har manaja. Shi ya raɗa wa kansa sunan, ma'aikata kuma suka karɓa hannu bibbiyu, domin kamar kowane ginshiƙi na ƙwarai, ba a taɓa ganin ya motsa daga inda aka kafa shi ba.

Mutum ne mai tsari. Kullum cikin kwat mai nauyi yake, ko da ana zafin da ke narkar da kwalta. Aljihun gabansa cike da biro, babu mai rubutu a ciki. Da ya iso zai zauna a kujerarsa mai juyawa, ya sauke tabarau kan hanci, ya ɗaga yatsa. Da yatsan nan ake sauke kaya, da shi ake loda su. In kaya suka isa lafiya, aikinsa ne. In suka ɓace, ai ya faɗa tun farko ba a ji ba.

Matarsa na da ƙane da ke tuƙa motar ɗaga kaya a wani kamfanin tayil a ƙasar waje. Da roƙon yayarsa ya ishe shi, sai ya lallaɓa manajansu ya yarda zai ɗauki mijinta aikin ƙirga kwalaye a sito, in ya samo bizar aiki. Ƙanen ya bugo waya ya yi bayani dalla-dalla: ya je ofishin jakadanci, ya amsa abin da aka tambaye shi kawai, kada ya ƙara ko kalma ɗaya. Ginshiƙi ya saurare shi da irin haƙurin da manya ke yi da yara. Da ya ajiye waya, ya sanar da matarsa cewa wata ƙasa ta shiga matsala, an aiko neman sa.

Bai jira biza ba. Washegari ya tara ma'aikata a bakin sito ya yi musu bankwana.

"'Yan'uwana, na san zukatanku sun karye. Ni ma ban so in bar ku cikin duhu ba. Amma duniya ta yi kira, kuma mutum irina ya fi ƙarfin kamfani ɗaya. Ku yi haƙuri, ku rungumi ƙaddara."

Daga nan ya juya kan manaja, ya amayar masa da duk abin da ya daɗe yana ajiye masa a ciki, tun daga ƙarancin basirarsa har zuwa sanƙonsa. Aka yi tafi sosai. Wasu har sun sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa, suna share hawaye. Ginshiƙi ya ji tausayinsu ƙwarai.

Rigimar farko a shagon mai hoto aka yi ta. Shi ya zo da niyyar a ɗauke shi ta gefe, hannu a haɓa, ido na hangen makomar al'umma. Mai hoto ya ce hoton biza ba tabarau, ba murmushi, ba karkata kai. Aka yi ta ja-in-ja har masu jira suka fara tsaki. Da hoton ya fito, sai ga wani bawan Allah mai faffaɗan kunnuwa, ido a zare kamar an kama shi da akuyar mutane. Ginshiƙi ya rantse wannan ba shi ba ne. Matarsa ta duba da kyau, ta ce ita dai wannan ta aura.

Ranar ganawa ya tarar da layi har ya sha kwana. Ya wuce kowa ya nufi ƙofa, ya umarci mai gadi ya sanar da jakada cewa ya iso. Mai gadi ya nuna masa ƙarshen layi, bayan wata tsohuwa mai son zuwa ganin jikoki. Ya koma, amma ya tsaya ɗan nesa, hannu a baya, don masu wucewa su ɗauka duba layin ya zo yi. A wurin bincike aka karɓe wayarsa, da jakarsa, da agogo, da birorinsa duka, har da bel. Haka ya shiga cikin ofishin, hannu ɗaya riƙe da takardu, ɗayan riƙe da wando.

Na'urar ɗaukar zanen yatsa ta ƙi ganin nasa. Aka goge, aka danna, aka sake gogewa. Da ƙyar ta karɓa. Ma'aikaciyar wurin ta ce ba ta taɓa ganin hannu sabo fil haka a jikin mai furfura ba. Ya yi mata godiya da wannan yabo.

Da aka kira shi gaban tagar gilashi, bai jira tambaya ba. Ya gyara murya ya fara da tarihin kakanninsa, ya gangaro kan yadda ya ceto harkar bututun ruwa daga rushewa, ya ɓullo kan gyare-gyaren da yake shirin yi wa ƙasar tasu. Jami'in biza yana ta buga kwamfuta, kai a sunkuye, alamar maganar na ratsa shi. Sai da Ginshiƙi ya kai ƙarshe, gumi na zuba, jami'in ya ɗago, ya danna wani maɓalli, lasifika ta yi ƙara. Ashe a kashe take. Ya yi masa barka da zuwa, ya tambaye shi wane aiki zai je nema.

Kalmar nema ta soke shi har ƙashi.

"Yaro, dube ni da kyau. Na yi maka kama da mai neman aiki? Irinmu ba ma aiki, mu ake yi wa. Zan je ne in gani da idona, in ba da shawara."

Jami'in ya tambayi albashi. Ginshiƙi ya ce shi ba kuɗi ne ke kai shi ba, ya wuce nan. Ya tambayi tsawon zaman da zai yi. Ya ce in wurin ya yi masa ya ɗan taɓa zama, in bai yi masa ba ya kama hanya, don akwai ƙasashe a layi. Jami'in ya gyaɗa kai, ya ce to ashe takardun da ya cika ba su ne suka dace da shi ba, bari a gyara masa. Ginshiƙi ya ji daɗi da aka gane haka da wuri.

Bayan 'yan kwanaki fasfo ya fito da biza ta ziyara. Ya zagaya unguwa da shi. Ya yi wa maƙwabta bayanin cewa sauran mutane bizar leburanci ake ba su, shi kuwa ta baƙunci aka ba shi, wato baƙon ƙasa ne sukutum. Matarsa ta ce ko a buga wa ƙanenta a karanta masa. Ya ce a bari ya gani da idonsa, kada farin ciki ya sa shi hatsari da motar mutane. Aka sayar da firji da talabijin aka yanki tikiti.

Da Ginshiƙi ya sauka a can, tun a filin jirgi ƙanen ya buɗe fasfo, ya duba, ya nemi wuri ya zauna. Manajan kamfanin tayil ma ya duba, ya ce da wannan biza ko tsintsiya ba zai iya ba shi ya riƙe ba, sai ya koma gida ya sake nema. To, ya koma ina? Wurin mai sanƙo? Ginshiƙi ya auna maganar. Sai kuma ya gano bakin zaren: wannan sabon manajan tsoron rasa kujerarsa yake ji.

Ya tare a ɗan ɗakin ƙanen, shi a gado, mai ɗaki a ƙasa. Kowace safiya ya saka kwat ya bi shi kamfani. Ya samo wata kujerar roba ya kafa a bakin wata jar ƙofa cikin sito, inda iska ke da daɗi, ya ci gaba da mulki daga inda ya tsaya. Ma'aikatan daga ƙasashe daban-daban suke, rabinsu ba sa jin abin da yake faɗa, sai su gyaɗa kai su wuce. Manaja ya sha zuwa ya roƙe shi ya tafi gida. Ginshiƙi ya gaya wa matarsa a waya cewa mutumin ba ya iya yanke komai sai ya zo wurinsa.

Ba a daɗe ba wani ya kai tsegumi hukumar shige da fice cewa kamfanin na sa baƙo aiki ba izini. Wata safiya sai ga jami'ai: wata mace mai gajeren gashi da furfura, da wani dogon abokin aikinta. Hankalin manaja ya tashi, don laifin na iya sa a rufe kamfanin. Ƙanen kuwa ya san in abin ya tabbata, shi ma izininsa ya tafi, su biyu za a tasa ƙeyarsu. Ya diro daga motarsa ya raɗa wa Ginshiƙi a kunne: "Yaya, don girman Allah, ka ce ziyara ka kawo mini."

Ginshiƙi ya ture shi, ya miƙe, ya gyara kwat. Ai irin ranar da yake jira ke nan, hukuma ta zo da kanta.

"Baiwar Allah, rubuta. Tun da na sa ƙafa a wurin nan ban huta ba. Duk kwalin da ya shiga, duk wanda ya fita, ta hannuna ya bi. In kin cire ni, kamfanin nan bai kai yamma ba."

Matar ta rubuta tsaf. Manaja ya jingina da bango. Ta ce magana ta yi, saura hujja, a kawo musu hotunan kyamarar tsaro tun daga ranar da ya fara zuwa.

A ofishin manaja aka kunna, aka sa hoton yana gudu. Ma'aikata na ta karakaina kamar tururuwa, motar ɗaga kaya na shiga tana fita, rana na fitowa tana faɗuwa ta taga. A tsakiyar wannan hargitsi ga mutum ɗaya cikin kwat, daram. Dogon jami'in ya ɗan bubbuga allon, ya ɗauka wannan gefen ne ya maƙale. Can sai aka ga mutumin ya miƙe. Jami'an suka matso, aka rage gudu. Ya ja kujerarsa daga rana zuwa inuwa, ya koma ya zauna. A wata ranar kuma kwali ya zamo daga kan tari ya faɗi dab da shi. Aka sake matsowa. Ya ɗage ƙafafunsa sama har aka zo aka ɗauke.

Suka fita suka tambayi ma'aikata. Ɗaya ya ce shi ya ɗauka mahaifin mai kamfanin ne da ba shi da lafiya. Wani ya ce ya zaci mota yake jira. Wata mai naɗe kaya ta ce sai da ya yi atishawa ta san mutum ne.

Matar ta rufe fayil ɗinta ta ce kamfani ba shi da laifi. Ƙanen ya yi ta hamdala. Ginshiƙi kuwa ya ce bai yarda ba. Ya ce wannan cin mutunci ne, ya miƙa hannayensa biyu ya ce lallai a sa masa ankwa, a kai shi gaban alƙali, ko kuwa ya ɗaukaka ƙara. Da ya ga ba mai niyya, ya koma kan kujerarsa ya harɗe, ya ce ba inda za shi sai an kama shi.

Ta dube shi da tausayi.

"Malam, na daɗe a aikin nan. Na kama mutane da yawa suna rantsuwa ba sa aiki. Kai ne na farko da ya rantse yana yi, na nema har na gaji ban samu ba. Ka ci gaba da hutunka."

Har ta juya, sai idonta ya kai kan jar ƙofar da ke bayansa. Ta ce wannan ai ƙofar gudun gobara ce, doka ta hana a ajiye komai a gabanta. Nan take ma'aikata biyu suka zo suka ɗaga kujerar, da mai ita a kai, suka fitar suka ajiye a waje kusa da tarin fasassun tayil.

A rahotonta, ƙarƙashin kayan da aka samu sun tare hanya, ta rubuta: kujerar roba, da abin da ke kanta.