Mahaifiyar Dattijo Boaz Ta Iso Cikin Buhu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙungiyar Masu Gidajen Haya na Layin Bayan Tasha, Kafanchan, uban masu makulli, mai raba mutum da ɗakinsa cikin ruwan sanyi.

Bayan gaisuwa cikin sunan Ubangiji, ni ce Yemima Asher, mai ɗinki, wadda na zauna haya a gidan Dattijo Boaz har na haifi 'ya'yana duka a ciki. Ranka ya daɗe, za ka tuna da kanka ka rako shi ɗakina a tsakiyar damina. Ya ce mahaifiyarsa tana kwance a Kauru, dole a kawo ta kusa da asibiti. Har ya share hawaye. Kai kuma ka ce, "Madam, in uwarki ce fa?" Na ji kunya, na kwashe kayana. Ga 'yan koke-kokena, in ba su takura maka ba.

Na ɗaya: kafin in fita na wanke ɗakin, na toshe ramin ɓera, na bar gidan saurona saboda tsohuwa. Da na ji ta iso, na dafa faten acca na je gaisuwa. Na leƙa ta taga, na tarar da Mama ta cika ɗakin har rufi, buhu a kan buhu, tana ƙamshin cittar Kachia. Wace irin cuta ce wannan, ranka ya daɗe? Likitoci sun ce sai farashi ya tashi za a sallame ta?

Na biyu: yaran layi sun ce motarka ce ta kawo ta. Ban yarda ba. Na ce musu Shugaba mai tausayi ne, motar asibiti ya mai da ita.

Na uku: yanzu maigidana yana Fadan Kaje wurin ƙanensa. Ni da yara muna kwana a shagon ɗinki, tsakanin keke da tsummoki. 'Yata Doreen tana shirin jarrabawar fita sakandare a kan teburin yanka yadi. Jiya ta tambaye ni ko citta tana jin sanyi, shi ya sa aka ba ta ɗaki. Ko ƙungiya tana da amsa?

Na huɗu, wannan ba koke ba ne, barka ce. Wata 'yar Kauru ta rantse mini ta ci shinkafar jana'izar mahaifiyar Dattijo tun ban yi aure ba. Ashe an yi tashin matattu a layinmu, ba a sanar a majami'a ba!

Gidansa ne, ban musa ba. Da ya ce mini citta ta fi ni riba, da na nemi lokaci na fita da mutuncina, ba da addu'ar da na yi ta yi wa buhu ba.

Saboda haka na kai sunan Mama gaban Zumuntar Mata. Mun yi mata azumi. Ranar Lahadi bayan sujada za mu zo dubiya dukanmu, cikin anko, da tulun kiɗa da kacau-kacau, Pasto yana gaba. Muna roƙo a buɗe mana ƙofa, domin matan sun ce ba za su tafi ba sai sun ɗora mata hannu.

Taka mai biyayya har ƙasa,

Yemima Asher,
Shagon ɗinki, bayan labule.