Rasuwar Gagara-Yashi, Motar Gadon Gidan Alhaji Mati

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma takaicin da ya fi baƙin cikin yawa, ni Maharazu Mati nake sanar da dangi da abokan arziki da dillalan kara rasuwar jif ɗin gidanmu, wadda duk Daura ta sani da Gagara-Yashi. Ta cika ranar Talata da hantsi a wani burtali bayan Dutsi. Shekararta ashirin da biyu a hannun mahaifinmu, marigayi Alhaji Mati mai shanu, sai huɗu a hannunmu mu 'ya'yansa uku. Huɗun nan ne suka kashe ta.

Marigayiyar mai haƙuri ce, ba ta zaɓen hanya. Ta shiga rugagen da ko mai babur sai ya sauka ya tura. Ta ɗauki maruƙa da buhunan dusa, ta kai masu naƙuda asibiti daga ƙauyukan Baure, kuma duk damina sai ta jawo sababbin motoci masu ƙyalli daga taɓo, su wuce ko godiya babu.

A zamanin Baba muryarta ɗaya ce: dir-dir-dir-dir, a kwance, ba gargada. Kullum da safe yakan buɗe bonet ya zaro gejin baƙin mai ya duba. Sannan ya ɗora tsinin doguwar sukudireba a jikin inji, ya kara ƙotar a kunnensa, ya rufe ido yana saurare. Yakan ce inji ba ya mutuwa bai yi sallama ba, sai dai in mai shi kurma ne. Duk ran da ya yi mata juyen baƙin mai, sai ya rubuta kwanan wata da jan fenti a jikin sabuwar filta.

Da Baba ya rasu, mahaifiyarmu Inna Hadijatu ta roƙi abu ɗaya: kada a sayar da motar, tana so ta riƙa jin tashinta da safe daga ɗakinta. Muka zauna mu uku, Yaya Ikrima da ni da ƙanenmu Yazid, muka yanke cewa kowa zai riƙe ta mako guda, kuma wanda ta lalace a hannunsa shi ke da gyara. Har hannu muka yi wa juna, muna ganin mun yi dabara.

Ciwon ajali ya fara ne da ƙis-ƙis-ƙis daga saman inji, da sanyin safiya kawai, in ta yi zafi ya lafa. Duk wanda ya tashi a gidan Alhaji Mati ya san ma'anar wannan: mai ba ya kaiwa sama, ko ya tsufa ko ya yi ƙasa. Yaya Ikrima, babbanmu, mai yi wa kowa nasiha a kan amana, shi ya gano maganinsa. Duk ranar miƙa mukulli sai ya tashe ta tun da asuba, ya zaga gari sau biyu, ya kawo maka ita da zafinta tana shiru kamar amarya. Sai washegari ka ji abin da aka damƙa maka.

Bayan shekara guda muryar ta koma ƙwas-ƙwas-ƙwas. Nan Yazid ya karɓi jinya, shi da ya yi karatun kanikanci a wayarsa dare ɗaya. Ya ce fulogi ne. Ya ce salansa ce. Ya ce man fetur ɗin yanzu ne ba shi da albarka. Daga ƙarshe ya sayo wani gwangwanin mai mai kauri kamar zuma ya tuttula mata, ba don ta warke ba, don ta yi shiru har makonsa ya fita.

Ɗantsoho bakanike, wanda ya yi wa Baba aiki shekara ashirin, ya tare mu ɗaya bayan ɗaya a bakin garejinsa. Ya ce tun daga kwanar titi yake jiyo ta, ƙarar ta sauko ƙasa, tana bin totur, metal ɗin cikin inji ne ya fara ci, a ajiye ta yau a buɗe. Kowannenmu ya ce masa to, sai mako mai zuwa. Mako mai zuwa kuwa na wani ne.

Masu tambayata me na yi, amsa ita ce na ƙara ƙarar rediyo. Ni na fara jin ƙis-ƙis ɗin ma, tun kafin su. Amma ban ga dalilin da zan yi wa ƙattai biyu juye su hau a banza ba, sai in ɗan ƙara mata mai in geji ya bushe, in miƙa gaba. Duk sanda Inna ta tambaya ko an yi juye, sai in ce an yi. Ashe su ma abin da suke ce mata ke nan.

Ranar Talatar, makona ne, Inna ta ce in kai ta ta duba ƙanwarta a wani ƙauye bayan Dutsi. Tun a ƙofar gida ta ce wannan ba muryar da ta sani ba ce. Na ce mata tsufa ne. Muna shiga yashi na sa giyar ƙafa huɗu na taka, marigayiyar ta ce gwaf-gwaf-gwaf, ta ce ƙarrr, ta ce gum. Ba ta ƙara cewa komai ba. Inna ta zauna ƙarƙashin wani gawo awa biyu da ƙafarta mai ciwo, kafin wani manomi ya kai ta bakin titi a amalanke. Gawar kuma shanun huɗa ne suka jawo ta, motar da ta yi shekaru tana ɗaukar 'ya'yansu.

Da yamma 'yan'uwana suka iso garejin Ɗantsoho da fara'ar da ba su iya ɓoyewa ba, tunda a hannuna ta mutu. Inna ma ta sa aka ɗauko ta, ta zo ta gani da idonta. Ɗantsoho ya kwance ƙasan inji, abin da ya fito ba mai ba ne, kwalta ce da garin ƙarfe. Sannan ya kwance filta, ya goge ta da tsumma, ya ɗaga. Jan fenti ne, rubutun Baba, wata biyu kafin rasuwarsa. Ya karanta kwanan watan da ƙarfi, ya maimaita don Inna ta ji. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan yammacin ba, kuma abin da ya fi ƙona min rai shi ne da waɗannan biyun na raba ta.

Marigayiyar ta rasu ta bar taya huɗu, uku sun suɗe. Da rediyo mai cikakkiyar lafiya. Da sukudirebar Baba, wadda aka samu a aljihun gaba ta yi tsatsa. Da magada uku masu kunnuwa shida, ba ko ɗaya mai amfani. Filtar tana ɗakin Inna, ta nannaɗe ta a ɗankwali.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe. Za a tashi daga garejin Ɗantsoho zuwa filin 'yan gwangwan, inda za a yi gunduwa-gunduwa da ita. Inna ta hana a ɗauko motar janwe. Ta ce mu ukun ne za mu tura ta da hannunmu, ta gaban kasuwa, kuma duk wanda ya kama mana bai kyauta mata ba. Masu ta'aziyya su wuce wajen Inna kai tsaye, mu ba mu cancanta ba. Ɗantsoho ne zai riƙe sitiyari, don ta ce a cikin waɗanda ta haifa babu wanda za ta sake damƙa wa.