Kwanon Juma'a da Kwanon Lahadi

"Lafiya lau, sai dai gwiwar nan. Kai kuma mijin banza, sai yanzu ka ga damar zuwa?"

Kaka ce a kan bencin asibiti, ta ƙanƙame jakarta, ta kafe ma'aunin nauyi da ido. Likita ya faɗa mata ƙiri-ƙiri: in ba ta rage ƙiba ba, ba zai yi mata aikin gwiwa ba. Yau kuwa ranar awo ce. Jikanta direba ya raɓa a ɗan gefen da ta rage masa.

"Amarya, matsa mana. Bencin na jama'a ne fa."

"Ji min sillen kara! Iska ta taso sai an ɗaure ka."

"Ni dai ban taɓa sa ma'auni salati ba."

"Laifina ne? Laifin layinmu ne. Dama da ni masu masallaci, hagu da ni masu coci. Juma'a kwano ya shigo ta nan, Lahadi ya shigo ta can. In waɗannan na azumi, waɗancan na girki."

"Ki mayar mana."

"Na wa? In ƙi na matar liman a ce na raina nawa, in ƙi na matar fasto a ce na nuna bambanci? Zaman lafiyar unguwa nake ɗauke da shi a jikin nan, yaro."

Nas ta kira ta. Ta miƙe da ƙyar, jikan ya raka ta. Ta hau ma'aunin, ta danne kafaɗar jikan da duk ƙarfinta.

"Sake ni, amarya. Rabinki yana kaina."

"Rufa min asiri," ta faɗa ƙasa-ƙasa. "Wallahi tsoro nake ji in ƙare a zaune."

"In kika cuci ma'auni, a gadon tiyata zai rama. Ni kuwa ban shirya zama gwauro ba."

Ta ɗan jima, sannan ta sake shi. Nas ta duba, ta girgiza kai. "Da saura, Kaka. Sai kin ƙara ragewa."

Kaka ta goge ido da gefen mayafi, sai kuma dariya ta ƙwace mata.

"Ka ci ni, ɗan nema. Daga yau kwanukan naka ne. Amma ka yi wa kowacce santi daidai wa daida, kar ka haɗa min faɗa a layi."