Ranar da Aka Cire Ni daga Manhajar Nama

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Abattoir, mayankar garinmu, ba, ko da yake na yi iya ƙoƙarina.

A lokacin ni ne shugaban wata ƙaramar ƙungiyar mahauta. Karatuna bai wuce firamare ba, amma na shekara talatin ba a kayar da sa a rumfarmu sai na ɗaga kai na ce a yi. Sai 'yar ƙanena Rukayya, wadda ta karanta kwamfuta, ta ce za ta yi mana manhaja, mutanen unguwar Rayfield su riƙa sayen nama daga waya ana kai musu har gida.

Ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Ta ce aikin kashi uku ne: sashen karɓar oda, sashen sanar da mahauci, da sashen tura mai keke. Kowanne zai ajiye wa na gaba saƙo ya ci gaba da harkarsa. Ba ruwansa da yadda ɗan'uwansa yake aiki a ciki, kuma in ɗaya ya tsaya, sauran ba za su mutu tare da shi ba.

Na saurara har ta gama, sannan na yi tambayar da ta dame ni.

"To ni ina nake a ciki?"

"Baffa, za ka riƙa ganin komai a wayarka."

"Gani? Ni ɗan kallo ne?"

Na ce sam. Kowane sashe, kafin ya motsa, sai ya tambayi wayata, ya tsaya har in danna. Ta ce, "Baffa, wannan ɗaure su ne duka a ƙafarka. Ranar da ka yi tuntuɓe fa?" Na ce mata tun kafin ubanta ya yi aure nake tafiya a kan jini da ruwa, ban taɓa zamewa ba. (Na zame sau biyu, amma ba ta nan.) Sai ta ɗaure su yadda na ce.

Wata biyu ina jin daɗi. Ko a gidan suna nake, sai in zaro babbar waya in danna, in ce wa na kusa da ni, "Yanzu na saki cinya zuwa Rayfield."

Wayoyina biyu ne, ƙarama ta kira da babba ta manhaja. Ran wata Juma'a na kashe babbar a ƙofar masallaci, na jefa ta aljihun babbar riga. Da na koma gida a unguwar Dilimi na tuɓe rigar na rataye. Har yamma ina mamakin yadda kasuwa ta yi sanyi. Na ma ce wa wani abokina mutane ba su da kuɗi.

Da safe sai ga motar Madam Kaneng. Ita ce babbar mai sayenmu, mai dafa abincin biki, kuma ran nan 'yarta ce ke aure. Tun ran Juma'ar ta sa odar rabin sa.

"Oga Shugaba, tukunya yana kan wuta tun asuba! Ina namana?"

Na ba ta kujera. Na sa aka kira Rukayya, na tara mahauta da masu keke, don a ga yadda shugaba yake hukunci ko da a kan jininsa ne. Na yi jawabi mai tsawo a kan yaran zamani da aikin ganin dama. Na ce amana ta yi ƙaranci. Har na ba Madam haƙuri a madadin iyalinmu.

Rukayya ta buɗe kwamfuta a kan teburin yanka, ta juyo da ita. Ilu, mai fiɗarmu, wanda ya fi kowa murya, ya leƙa ya fara karantawa.

"Rabin sa, ana jiran Shugaba. Kayan ciki, ana jiran Shugaba. Ƙafar saniya huɗu, ana jiran Shugaba."

"Ya isa, Ilu."

"Saura goma sha ɗaya, ranka ya daɗe."

Na laluba aljihun dama. Na laluba na hagu. Na ma ɗaga hula, ban san dalili ba.

"Baffa," in ji Rukayya a hankali, "zuwa Dilimi da dawowa zai ci lokaci. Ko in cire ka?"

Kowa ya zuba mini ido. Madam ta duba agogo.

Na ce, "Cire ni."

Na zaci aikin zai kai azahar. Kafin in gyara zama ta gama. Wayoyin mahauta suka ɗauki ƙara, wuƙaƙe suka fito, keke uku suka tashi. Ba wanda ya waiwayo ya tambaye ni komai. Ilu ne kawai ya ce in ɗan matsa, na tare hanya.

Naman ya isa bayan baƙin farko sun ci shinkafa da miya zalla. Madam Kaneng ba ta sake saye a wurinmu ba sai bayan wata biyar, kuma ko yanzu Rukayya take kira, ba ni ba. Na je har gida na ba Rukayya haƙuri, a gaban ubanta, wanda bai ɓoye dariyarsa ba.

Abin da na koya kaɗan ne. In aiki ba ya tafiya sai kana nan, ba lallai girmanka ne ya jawo ba, wataƙila kai ne ka zauna a kan hanya. Yanzu nakan yi kwana biyu ban kunna babbar waya ba, kuma har yau ba wanda ya lura.