Oda ta Ɗari ta Sarkin Latas

Layinmu a garin Buffalo ya yi sa'a. Shekara da shekaru gidan da ke jikin nawa, mai lamba 216, ba ya samun 'yan haya sai ɗaliban jami'a irin na kullum, masu karyawa da lemon gwangwani su yi abincin rana da taliyar leda. Sai bara Allah ya dube mu, ya aiko mana da Bennett Osgood.

Bennett yana shekara ta biyu a fannin abinci mai gina jiki, amma in ka ji yana magana sai ka rantse da shawararsa aka shirya hanjin ɗan Adam. Dogo ne, fes-fes, kullum riƙe da gorar ruwa mai girman tulu. Da asuba injin markaɗensa ke tashin layi. Abin da ke fitowa daga injin kore ne shar, kalar ruwan kwata a watan Agusta, kuma a baranda yake shansa don jama'a su amfana da gani. 'Yan layi muka naɗa shi Sarkin Latas. Ya ji, ya ɗauka yabo ne.

Talakawansa na farko abokan hayarsa ne. Ya liƙa wa firjinsu dokoki goma sha biyu. Wata rana ya kwashe taliyar Marisol, yarinyar da ke karatun jinya tana kuma aiki a gidan tsofaffi, ya zuba a shara.

"Na ceci ƙodarki," in ji shi. "Nan da shekara ashirin za ki gode mini."

"Nan da shekara ashirin," in ji Marisol. "To yau fa, me zan ci, ranka ya daɗe? Dokarka ta bakwai?"

Amma gida ɗaya ya yi wa mutum irin wannan kaɗan. Sai ya fito takarar shugaban kwamitin abinci na ɗalibai, da alkawari guda: in ya ci zaɓe, za a cire tukunyar suyar da ke ɗakin cin abincin jami'a. Wannan tukunya ita ce abokiyar gabarsa. Ya ce ɗalibai dubu ashirin suna haƙa kabarinsu da soyayyen dankali, kuma tarihi ba zai yafe masa ba in ya yi shiru. Takardun kamfen ɗinsa har jikin bishiyar ƙofar gidana. Ga shi nan yana murmushi, ya ɗaga karas sama kamar tocila.

To ni shekara talatin da ɗaya na yi ina bin motar shara a garin nan. Ban yi nisa a boko ba, amma in ka ba ni kwandon sharar mutum zan karanta maka shi tsaf. Tun watan Satumba nawa kwandon ya fara nauyi. Na buɗe, sai ga kwalaye masu maiƙo na shagon Kajin Loretta, an danna su can ƙasa, an rufe da jarida. Ƙasusuwan fukafukan kaza an tsotse su tas, ko kyanwa ba za ta samu abin lasa ba. 'Yan sandunan karas ɗin da ake sakawa a gefen kwali kuwa suna nan lafiya lau, ba wanda ya taɓa su.

Ba a jima ba na gane hanyar. Ƙarfe uku na rana, lokacin da abokan hayarsa ke aji, mai kawo abinci zai ajiye leda a barandata, lamba 214. Minti biyu, sai ga mai martaba ya tsallako shinge ta baya, sanye da kayan motsa jiki. Ranar da muka yi ido huɗu, ledar na hannunsa tana ɗiga.

"Baba Stan," ya ce, bai ko ƙifta ido ba, "bincike ne. Ba ka yaƙar abin da ba ka sani ba. Ina nazarin yadda mai da gishiri ke bautar da ƙwaƙwalwar matasa."

"Allah ya ba da sa'a, ɗana. Binciken da yaji kake so ko babu?"

"Kimiyya na buƙatar sirri, Baba."

Na ce bakina ƙanin ƙafata. Yaron ƙwazo gare shi. Litinin, Laraba, Juma'a, wani satin har da Asabar. Ranar da dusar ƙanƙara ta rufe motoci aka tashi makaranta, abokan hayarsa suka yini a gida, bincike bai tsaya ba. A mota ya yi shi, gilashi a rufe.

Zaɓe ya kama ranar Talata cikin Afrilu. Ranar Lahadi kafin nan ya kira babban taro a filin gaban gidansu. Ɗalibai kusan sittin suka zo, don an rubuta za a ba da abinci kyauta, kuma ɗalibi ko taron binne kare ne zai je in an rubuta haka. Abincin ya fito: karas, latas, da koren ruwan nan a ƙananan kofuna. Na ga wani ƙato ɗan ƙwallo ya kurɓa, ya waiga hagu da dama, ya shayar da furen maƙwabta.

Bennett ya hau kan akwati, da karas a hannu irin na takardun kamfen.

"'Yan'uwana ɗalibai, jikinku amana ne. Ku dube ni. Shekara uku rabon da soyayyen abu ya ratsa maƙogwaron nan. Ko ƙamshin suya na ji, kaina ke ciwo. Abin da na iya, ku ma za ku iya, in kun samu shugaba."

Yana cikin haka wata farar mota ta tsaya a ƙofata, balan-balan ja da rawaya na lilo a samanta. Loretta ce da kanta, mace mai jiki da murya, ta fito rungume da farantin soyayyun fukafukan kaza kamar murfin rijiya. Al'adar shagonta ce, duk wanda ya cika oda ɗari a shekara, ita ke kawo masa tukuici har gida, ta ɗauki hotonsa ta kafa a bango.

Ta buga ƙofata. "Kai ne Bennett na 214?"

"'Yar'uwa, dubi bakin nan. Haƙora shida suka rage, su ma haya suke. Ki tambayi likitana rabona da kaza."

"To ina yake? Tun Satumba nake son ganin yaron nan. Shi ya biya mini sabon rufin shago."

Na yi alkawarin ba zan faɗa ba, kuma ban faɗa ba. Hannuna ne kawai ya ɗaga, ya nuna akwati.

Loretta ta ratsa taron, balan-balan na biye da ita.

"Benny, ɗan albarka. Fukafukai ashirin-ashirin, yaji mai yawa, a ƙara miya, ko ba kai ba ne? Oda ɗari cif ranar Juma'a. Shekara tara ina sana'ar nan, ɗalibi bai taɓa cikawa kafin Mayu ba." Ta juya ga jama'a. "Ku tafa masa mana."

Aka tafa. Tafin da bai samu ba tun da ya hau akwatin.

"Baiwar Allah, akwai kuskure," in ji Bennett. "Wannan wani bincike ne na..."

"Kuma na lura ba ka son karas, an ce kullum sai ka rubuta a rage. Yau ban sa ko ɗaya ba."

Marisol ce ta fara kai hannu farantin. Ta zaɓi fiffike mafi girma, ta ɗaga masa. "Don ƙodata, ranka ya daɗe." Kafin minti biyar farantin ya koma fari. Loretta ta rataya masa jar riga mai hoton zakara, ta ce ya yi murmushi, ta ɗauka. Karas ɗin kamfen na hannunsa har lokacin.

Na ɗauka takara ta mutu ke nan. Ashe ban san ɗalibai ba. Kafin Litinin hoton ya zaga kowace waya a jami'ar, an rubuta a ƙasa, "Zaɓi Benny Mai Ɗari." Ranar Talata yaran da ba su taɓa sanin akwai kwamitin abinci ba suka yi layi. Ya ci zaɓe da ratar da ba a taɓa gani ba. Da yamma ya fito baranda da gorarsa, ya ce mini, "Ka gani, Baba? Jama'a sun karɓi saƙona."

Sun karɓa kuwa. A zaman farko kwamiti ya duba maganar tukunya, ya gano layin dankali ya cika tsawo, ɗalibai na makara aji. Mutum takwas suka ɗaga hannu a ƙaro tukunya, ɗaya bai ɗaga ba. Aka sayo ta biyu, wadda ta fi ta farko girma, kuma bisa ƙa'ida shugaba ne ke yanka kirtanin buɗewa.

Marisol ta nuna mini hoton a wayarta. Ga mai martaba da almakashi, fuska kamar an ba shi koren ruwansa. A jikin sabuwar tukunyar ma'aikatan kicin sun liƙa 'yar takarda da sunan da suka raɗa mata: Benny.