Rasuwar Dona Jurema, Igwar Sajan Adalberto

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika maƙil, Sajan Adalberto Kunz na barikin Campo Velho a kudancin Brazil yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Dona Jurema, igwa mai tafiya da kanta a kan sarƙa, mai nauyin tan ashirin da bakwai. Ta cika ranar Talatar makon jiya da hantsi a filin atisaye, tana da shekara arba'in da ɗaya, ashirin da shida daga ciki a hannunsa.

Marigayiya ba ta taɓa harbin ɗan Adam ba. Harsashinta kan ci kilomita goma sha takwas, amma duk a kan duwatsun da aka shafa wa fenti yake sauka. Shekarar da kogi ya ci gari, ita ta kutsa ruwa ta jawo bas mai ɗauke da mutum talatin. Kullum da safe takan yi tari sau biyu, "kuhum, kuhum," sannan ta kama gurnani, yaranta, sojojin da ke aiki da ita, suna ɗumama ruwan shayi a kan murfin injinta.

Ciwon ajali ya faro da yoyon mai. Sajan ya yi ta ciro kayan 'yan uwanta uku da suka riga ta gidan gaskiya yana dasa mata, har aka wayi gari babu abin cirewa. Tana cikin hawan tudu ta ce "ƙas," ta yi shiru. Yini huɗu ya yi a ƙarƙashinta, hannuwansa duk sun faffashe. Da Manjo, shugaban rundunarsu, ya zo dubiya, Sajan ya ce, "Ranka ya daɗe, sati biyu kawai. Wallahi za ta tashi."

Manjo ya ce, "Adalberto, ko matarka ba ka yi wa wannan jinya ba. Fito daga ƙarƙashin gawa."

Ta bar direbanta Nivaldo, wanda aka mayar gadin ƙofa, da Kofur Teobaldo mai ɗura harsashi, wanda ta kurmantar wa da kunnen hagu amma bai taɓa riƙe ta a zuciya ba, sai shi Sajan, da aka miƙa wa takardar ritaya. Shekararsa hamsin da huɗu, bai san wata sana'a ba.

Yana roƙo, don girman Allah, duk wanda ya san inda injin irin nata yake, ko tsoho, ko rabi, ya neme shi kafin yammacin Alhamis.

In ba a samu ba, jana'iza ranar Juma'a da ƙarfe goma. Za a ja ta zuwa filin harbi, sabbin igwogi su gwada saiti a kanta. Manjo ya ba Sajan harbin farko a matsayin karramawa. Sajan ya nemi a sauya shi, aka ce umarni ne. Ya ce to, zai same ta a karo ɗaya, don kada ta wahala. Yana roƙon masu halarta kada kowa ya tafa.