Inda Gidan Waya Yake a Da

Wani ne ya yi ritaya daga aiki a Landan, ya tattara komatsansa ya koma wani ƙauye a ƙasar Devon, wai shi zai zama mutumin karkara. Ya sayi hula irin ta manoma. Ya sayi sandar tafiya. Ya sayi dogon takalmin roba, ranar farko ya kai shi bayan gida ya shafa masa laka da hannunsa don kada a ce sabo ne.

Shekara tara yana garin. Sunansa bai canja ba: Ɗan Landan.

To, garin mashaya ɗaya ce gare shi, Baƙin Rago, ta wata mata Maureen. A saman kantarta akwai jerin ƙusoshi, kowace da moɗar ƙarfe a rataye. Duk ɗan gari yana da ƙusarsa da moɗarsa. Baƙo kuwa a kofin gilashi ake zuba masa, kamar mai wucewa. Shekara taran nan mutuminka a gilashi yake sha. Duk kurɓar da ya yi, idonsa na kan wata ƙusa da ke can ƙarshe, ba komai a jikinta.

Wata Lahadi da hantsi dai ya kasa daurewa.

"Maureen, wai ƙusar can ta wace ce?"

Ta ce, "Tambayi Baba Wilfred. Ni zubawa kawai nake yi."

Baba Wilfred tsoho ne da ke zaune kusa da murhu tun kafin a haifi Maureen. Ya dubi mutumin daga hula har takalmi.

"Ɗan Landan, ka taɓa zaga garin nan da ƙafarka? Rijiyar waliyyiya, tsohuwar bishiya, injin niƙa na bakin rafi. Mil uku ne kacal. Wanda bai san hanyar garinsu ba, me zai yi da ƙusa?"

Mutumin ya yi wuf ya zaro taswira daga aljihu.

Wilfred ya ce, "Ɗan gari da taswira?"

"A'a, Baba, shimfiɗar tebur ce." Ya ɗora kofinsa a kai.

"Madalla. To, saurara. Ka miƙe har inda gidan waya yake a da, ka yi hagu. Ka bi ta gefen gonar marigayi Percy, wadda ba tasa ba ce yanzu. In ka kai inda motar madara take juyawa kafin a daina kawo madara, ka yi dama. Ka gane?"

"Sarai, Baba. Ko ido rufe."

Ya fita da sandarsa da filas ɗin shayinsa. Ya miƙe yana neman inda gidan waya yake a da. Ya duba nan, babu gidan waya. Ya duba can, babu gidan waya. Ko'ina a garin ya cancanta. Da ya gaji, sai ya zaɓi wurin da ya fi ko'ina rashin gidan waya, ya yi hagu.

Ya yi awa guda yana ratsa shinge, sai ga wani manomi, Dennis, a kan tarakta.

"A'a, Ɗan Landan! Ɓata ka yi?"

"Ni? Haba, maigida. Iska nake sha. Dama dai rijiyar nan ce nake son in ɗan leƙa."

"Inda rijiyar take a da kake nufi? Ai ka wuce ta, ita ce ƙarƙashin kwandon sharar can. An cike ta tun shekarar babban ambaliya."

"Na gan ta. Ta yi kyau ƙwarai. Bishiyar fa?"

"Tsawa ta cinye ta ina yaro. Amma kututturen yana nan, in ba a tone shi ba. Ka ratsa gonata ta inda jan bijimin nan yake kiwo a da, ka fita ta ɗaya ƙofar. Ka dai rufe mini ƙofa."

"Ka taɓa ganin ɗan gari ya bar ƙofa a buɗe?"

Mutumin ya tafi yana murmushi. Yanzu kam ya kama bakin zaren: duk abin da mutanen nan suka ce a da, to babu shi. Ya shiga gonar, ya mayar da ƙofa, ya sa sakata, ya ƙara ɗaure ta da igiya yadda ko aljani ba zai kwance ba. Ya juyo. Sai ga jan bijimi, ƙato kamar ɗakin girki, yana tonon ƙasa da kofato.

Ya cire hula. "Yi haƙuri. An ce mini ba ka nan."

Bijimi bai karɓi uzuri ba.

Kai, ranar an ga gudu. Filas ya yi gabas, sanda ta yi yamma. Ya kai ɗaya ƙofar, ya faɗa waje, ya tsira ke nan. Sai ya tuna ɗan gari ba ya barin ƙofa a buɗe. Ya dawo. Yana duƙe yana lalubar sakata, bijimi ya zuro ƙaho ta tsakanin katako ya karɓi rabonsa na bayan wando.

Dennis ya ƙwalo daga kan tarakta, "Wancan ya mutu! Wannan ɗansa ne!"

"Na lura da kamannin!" in ji shi, yana riƙe da wando.

"Ka gangara rafi, ka haye ta inda gada take a da!"

Ya gangara. Ya ga wani fili kore shar, lumui kamar darduma. Ya ce lallai nan ne. Taki ɗaya, gwiwa. Taki biyu, ƙugu. Taɓo ya riƙe shi kamar ɗan'uwan da aka daɗe ba a gani ba.

Yana nan tsaye, rabi a duniya rabi a ƙasa, sai ga Uwargida Loosemore, mai shirya furannin coci, ta fito yawo da karenta. Ta tsaya a bakin taɓon. Ya ɗaga mata hula.

Ta ce, "Yau garin ya yi daɗi."

"Ƙwarai kuwa, uwargida. Ko da yake an ce za a yi ruwa da la'asar."

"Haka suka ce jiya ma." Ta dubi taɓon, ta dube shi. "Komai lafiya dai ko?"

Kalma ɗaya zai furta a jawo shi. Amma a ce ya ɗora wa baiwar Allah wahala ranar Lahadi? A ce kuma labari ya kai mashaya cewa Ɗan Landan ya nemi agaji?

"Lafiya lau. Injin niƙa nake kallo."

"Ai kuwa ka iya zaɓen wuri. Daidai inda yake a da kake tsaye. Baƙi ba sa gane shi."

Daɗi ya kama shi har ya ƙara nutsewa taƙi guda.

Ta ce, "To, kada in katse maka." Ita ma ba ta son shiga sha'anin mutane. Ta wuce. Karen ne kaɗai ya waiwayo, shi ma don ya ɗaga ƙafa ya yi fitsari a gefen hular mutumin, wadda ta suɓuce masa ta faɗi.

Ruwan da aka ce ya zo da la'asar. Sai da ruwan ya ɗauke, Dennis ya biyo ta wurin yana neman tumaki, ya ɗaura masa igiya a hammata ya ja da tarakta. Mutum ya fito, fut! Takalma suka ce su kam sun samu gari.

Ya iso Baƙin Rago da safa ɗaya. A ƙofa an rubuta cewa mai laka a takalmi ya cire kafin ya shiga. Ya tsaya ya karanta, ya dubi ƙafarsa, ya ga dokar ba ta shafe shi ba. Maureen ta shimfiɗa masa jaridu tun daga ƙofa har kanta, ta zuba masa a gilashi.

Wilfred ya ce, "Ka ga rijiya?"

"Na ga inda take a da."

"Bishiya?"

"Na wuce ta da gudu, Baba, amma na ga babu ita."

"Injin niƙa?"

"A cikinsa na yini."

Tsofaffi suka jinjina kai. Ana haka sai ga wasu baƙi biyu, mata da miji, da jakunkuna a baya, suna tambayar hanyar rafi. Wilfred ya gyara zama.

"Ku miƙe har inda gidan waya yake a da, ku yi hagu. In kun kai inda takalman Ɗan Landan suka nutse, ku kauce dama."

Mutumin ya ji kamar an naɗa shi sarauta. Ƙwalla ta cika masa ido. Ya matso, laka na ɗiga a kan jarida.

"Baba, ka ji da bakinka. Takalmana sun shiga kwatancen gari. To, ni fa? Ƙusar nan?"

Wilfred ya kurɓi abin da ke moɗarsa, ya goge gemu.

"Su takalman ai sun tafi, kai kuwa ga ka nan tsaye. Ka daure ka koma Landan, ɗana. Ranar da ka tashi, da hannuna zan rataya moɗarka, duk wanda ya shigo mu nuna masa inda ɗan garinmu yake zama a da."